Zanen Kawu Yana Jiran Gyara

Na Allah muke, kuma gare Shi za a koma. Wannan kowa ya faɗe ta a ƙofar gidan Kawu da ke unguwar Rikoto a Zuru, har 'yan'uwanmu masu zuwa coci, waɗanda suka haddace ta tun suna yara saboda yawan zaman makoki tare. Maganganun da suka biyo bayanta ne suka tsaya mini a wuya.

Maza suna waje ƙarƙashin dalbejiya, mu mata muna tsakar gida, katangar kuwa ba ta kai tsawon da za ta hana magana tsallakowa ba. Na ji wani yana cewa Zuru ta yi rashin hannu. Wani ya ce allon da Kawu ya rubuta wa shagon ubansa yana nan bai koɗe ba, alhali shagon kansa ya daɗe da rushewa. Sai Ciyaman na ƙungiyar danginmu, ɗan baffan Kawu, tsohon soja mai magana kamar yana filin fareti, ya share ido da hularsa ya ce irin wannan mutum ba a maye gurbinsa. Na sunkuyar da kai, don in na ɗago za a ga abin da ke cikin idona. Wannan Ciyaman ɗin shi ne ya maye gurbin Kawu da wani, Kawu yana raye, yana zaune a shagonsa.

Can cikin ɗaki kuma wayar marigayin tana ta ƙara, ba ta hutawa. Iya, matarsa, ta tambaye ni ko wani ne da bai ji labari ba yake ta kira. Na ce mata saƙo ne kawai. Ban iya gaya mata ba a lokacin cewa ƙarar da mijinta ya shafe damina guda yana jira ce ta iso, bayan an dawo daga maƙabarta.

Kawu wan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Sana'arsa zane: allon shaguna, bayan manyan motoci, bajon makaranta, duk abin da ke buƙatar fensir da buroshi. Amma aikin da yake ji da shi, wanda yake yi wa wanka ya sa riga mai tsabta kafin ya zauna masa, shi ne ankon dangi. Mu jikokin mutum ɗaya ne da ya sauko daga kan dutse ya kafa gida, yanzu kuwa rabinmu na warwatse a barikokin soja. A ƙarshen kowace shekara ake haɗuwa a Zuru, kowa sanye da atamfa iri ɗaya, kuma tun kafin a haife ni Kawu ne ke zana ta a aika kamfani su buga.

Ga yadda yake yi. In ya gama zane, sai ya naɗe takardar ya zura a bututun roba, ya ɗaure a bayan babur. Wasagu zai fara, wurin wansa, Kawu Babba. Daga nan Dirin Daji, sannan ya dawo cikin gari ya bi gidaje, babba kafin ƙarami. Duk gidan da ya shiga, zai shimfiɗa takardar a zaure, a kawo masa ruwa, ya ture kwanon gefe. Ba zai sha ba sai mai gidan ya nuna masa aibu a zanen. Na taɓa ganin wani dattijo ya yi ta yabo har gumi ya keto masa, Kawu na kallonsa, ruwa na ɗumama a kwano. Da mutumin ya gaji ya ce to shuɗin nan ya yi duhu, sai Kawu ya ɗauki kwanon ya shanye tas, ya yi godiya kamar an ba shi kyautar rago.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce masa ya yi kyau. Yakan ce: "‘Ya yi kyau’ sallama ce. Wanda ya ce maka haka, so shikai ka tashi ka ba shi wuri."

Iya ce ta ƙarshe a layi. Sai kowa ya gama faɗin nasa, ya gyara, sannan ya kawo mata takardar tsakar gida. Kafin ranar, ko leƙe ba ta yi, shi ma yakan juya zanen ya fuskanci bango in ta kawo masa abinci shago. Kuma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Wata shekara ta ce tsuntsun nan ƙafarsa ɗaya, wata shekara ta ce tulun ba shi da baki. Mukan yi ta dariya muna cewa idon Iya ya fi na dangi kaf, shi kuma ya kama haɓa yana mamakin yadda abin ya wuce shi.

Ni ma na sha nawa rabon. Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida ba aikin yi, na riƙa nuna wa mutane wani shafin intanet da na gina. Kowa ya ce sannu da ƙoƙari. Kawu kaɗai ya ajiye buroshi, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce rubutuna ya cushe kamar fasinjan motar Wasagu ranar kasuwa, ba inda ido zai miƙe ƙafa. Na yi fushi har na ƙi gaishe shi washegari. Amma na gyara, kuma da wannan shafin na sami aikina na farko. Bai taɓa tuna mini ba.

Da tsufa ya zo, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, hawa babur ya gagara. Hanyar Wasagu ma ta zama sai da addu'a. Wata rana ya kira ni shago ya ce ya ji an ce ina gina gidaje a cikin waya, yana so in gina masa zaure. Na ɗauka wasa yake, ashe har ya zana mini yadda yake son fuskar abin ta kasance, a bayan wata tsohuwar kalanda.

A shagon nan muka gina shi, kwamfutata a kan gwangwanin fenti, shi yana kan benci yana ba da umarni kamar ya taɓa ganin irinsa. Mai zane zai ɗora zanensa, ya tura wa mutane hanyar shiga. Duk wanda ya ga abin gyara sai ya danna daidai wurin da yatsa, ɗigo ja ya bayyana, ya faɗi abin da ke ransa. Kawu ya ce kada in tilasta wa kowa rubutu, don manyanmu da yawa baki suka iya, saboda haka na sa mutum ya iya yin magana da muryarsa, da Hausa ko da yarenmu na C'lela. Ya ce a rage wa hoton nauyi saboda sabis ɗin ƙauye. Ya ce a zaure yana ganin wanda ya shigo, to a nan ma yana so ya gani, na sa sunan duk wanda ya buɗe zane ya fito a gefe. Ya ce kada kowa ya iya sauke zane ya kai kamfani sai mai zanen ya danna wurin da aka rubuta "Na gama". Har ya nemi in sa na'urar ta riƙa korar duk wanda ya ce ya yi kyau. Na ce masa wannan kam ya fi ƙarfina, mutanenmu suna da hanya ɗari ta faɗin haka.

Abu ɗaya muka yi faɗa a kansa, faɗa na gaske. Ya ce ƙarami yana iya ganin zane, amma bakinsa zai kasance a kulle sai wani daga cikin manya ya fara magana. Na ce Kawu wannan ba zaure ba ne, amfanin abin ke nan kowa ya faɗi nasa lokaci guda, in babba ya yi jinkiri kowa ya maƙale. Ya ce babba ba ya jinkiri sai da dalili. Na ce babba yana iya mantuwa, yana iya ƙyuya. Ya cire tabarau ya ce:

"Uwata, in yaron da ke Legas ya riga ubanai magana kan tufan da za su sa tare, mi ya rage a taron? In ba ki iyawa, rufe akwatin ga ki tahi, in koma ma babur ɗina."

Na rufe kwamfutar na tafi. Da yamma ya aiko mini da gasasshiyar masara, ba saƙo ba komai. Washegari na dawo na gina masa kullen yadda yake so. Taurin kan Kawu ba na jin magana ba ne, kuma har yau in na tuna wannan kulle raina yakan ɓaci da shi, ko da yake yana kabari.

Gwajin farko da tambarin wata ƙungiyar masu kabu-kabu ta Wasagu muka yi. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara, ga ɗigo ja a kan tayar babur, ga muryar shugabansu yana cewa wannan taya ce ko faifai. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya sa na maimaita masa muryar ya fi a ƙirga, duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya ji yadda aka zage shi daga Wasagu ba tare da ya ƙona ko ɗigon mai ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Farkon damina ya gama zanen ankon bara. Dutsen da kakanmu ya sauko ne a baya, rumbu a gaba, garma biyu sun gitta, zangarniyar dawa ta kewaye su. Zan faɗi gaskiya don shi ma ita yake so: hannunsa ya fara rawa, layukan ba su miƙe kamar da ba, zangarniyar wani gefen ta fi ta wani gefen girma. Abin gyara yana nan birjik. Na ɗauki hotonsa na ɗora, muka tura wa dangi.

Kafin la'asar sunaye suka fara fitowa a gefe. Kawu Babba ya gani, jikarsa ta buɗe masa. Ciyaman ya gani. Manyan Dirin Daji sun gani. Kawu ya ajiye wayar a kan benci kusa da cinyarsa yana jira.

Ba wanda ya ce uffan.

Kowace safiya in na biya gaishe shi, kafin in gama durƙusawa zai ce: "Uwata, mi sunka ce?" In ce ba su ce komai ba tukuna. Ya ce ko na'urar ce ta lalace. In gwada a gabansa, lafiyarta lau. Sai ya karɓa ya bi sunayen da yatsa, ya ga Ciyaman ya sake shiga jiya, ya ce to ai yana nazari ne, soja ba ya harbi sai ya auna. Matasa suka riƙa kirana daga bariki suna cewa suna da abin faɗa amma wurin a kulle yake. Na roƙi Kawu in buɗe musu, ya ce in na buɗe na gaya musu ke nan iyayensu ba su da baki. Na ce to ni in faɗi nawa a nan, baki da baki. Ya ce layi bai zo kaina ba. Na kira Ciyaman da kaina, ya ce, ɗiyata, shina hannunmu, muna dubawa.

Dawa ta yi kai, ta nuna, aka fara yanka. A lokacin ne wata 'yar'uwata da ke aure a barikin Kaduna ta turo mini hoton atamfa tana tambaya wane ɗinki zan yi da tawa. Wasu furanni ne masu ƙyalli da sunan kakanmu a tsakiya, an rubuta shi ma ba daidai ba. Ashe tun makon farko aka ɗauki hoton zanen Kawu daga fuskar waya aka kai wani guruf na hirar dangi a waya da Kawu ba ya ciki, ni ma ba na ciki. A can manya suka buɗe baki. A can aka ce hannun tsoho ya tafi, aka ba wani yaro a birni ya haɗa wani a kwamfuta, aka aika kamfani. Duk maganar da Kawu yake jira an yi ta, har da ƙari, sai dai a bayan idonsa.

Na je gidan Ciyaman ban ko tsaya an yi mini iso ba. Bai musa ba. Ya ce: "To mi za mu ce mai? Tsoho ne, ga ciwo. Mun ji kunya, ba mu so mu ɓata mai rai."

Kunya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ƙin shan ruwanku sai kun ɓata masa rai, shi kuka ji kunyar gaya wa layinsa ya karkace. Da a zaure ne, da ba ku isa ba, don zai zauna muku har rana ta faɗi, ruwa na gabansa. A waya kuwa mutum yana iya leƙowa ya gani ya sulale, ba wanda zai riƙe masa riga. Wannan ne abin da ni da Kawu ba mu hango ba: mun gina wurin magana, ba mu san mun gina wurin ɓuya ba.

Suka aiko masa da turminsa na ankon, a matsayinsa na babba. Ina shagon aka kawo. Ya warware shi a kan benci, ya sa tabarau, ya daɗe yana bin furannin da yatsa. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Sai ya ce a hankali, yaron ga shina da hannu, amma ba wanda ya gyara mai. Ya ba tela ya ɗinka masa, ya sa ya je taron, ya zauna a layin gaba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sunkuyar da kai ya yi sauri ya wuce. Ni ban sa ba, kuma ban ci abincin taron ba.

Na ce masa in sauke zanen daga shafin tunda an wuce wurin. Ya ce in bar shi, ko bayan biki gyara gyara ne. Ya daina tambayata kullum, amma wayar ba ta bar gefen cinyarsa ba. Ba zan ce shirun nan ne ya kashe shi ba, ciwon suga ne, kuma kwana ya ƙare. Abin da na sani shi ne bai ƙara ɗaukar fensir ba.

Ranar da ya rasu, bayan jana'iza, Ciyaman ya shiga shafin ya danna tsakiyar zanen ya rubuta cewa ya yi kyau ƙwarai, Allah ya jiƙan mai shi. Babba ya yi magana ke nan, kulle ya buɗe. Sai ga dangi kaf sun kwararo, daga Legas, daga Maiduguri, daga ko'ina, ɗigo ja a kan ɗigo ja har dutsen ya ɓace. Ya yi kyau. Babu kamarsa. Hannu mai albarka. Ƙarar da Iya ta ji a ɗaki ke nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman ko mutum guda da ya ce zangarniyar nan ta fi waccan girma. Ban samu ba.

Ranar sadakar bakwai Ciyaman ya sa aka kira ni waje. Ya ce manya sun yanke shawara bana zanen marigayi za a buga, don tunawa da shi, amma sun ga ba ya saukuwa, hoton da suka ɗauka kuma bai fita sosai ba. Tunda ni na gina abin, in buɗe musu. Gaskiya ne ina iyawa, aikin ɗan lokaci ne. Na ce zan duba, kuma na ji daɗin faɗa masa kalmar.

Da mutane suka ragu na shiga wurin Iya na gaya mata komai, tun daga farkon damina. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta ce ita fa ba ta ga zanen ba har yau. Na tambaye ta dalili. Ta ce ai layi bai zo kanta ba, manya ba su yi magana ba, shi kuma bai kawo mata ba. Takardar tana shago tana kallon bango, kullum tana wuce ta.

Na buɗe wayata, na kawar da jajayen ɗigon nan gefe, na miƙa mata. Ta kai ta kusa da ido. Ba ta daɗe ba ta sa yatsa a gindin rumbun, ɗigo ja ya fito. Na nuna mata inda za ta riƙe ta yi magana. Ta gyara zama, ta gyara mayafi, kamar yana gabanta.

"Malam, rumbun ga naka shina zaune ƙasa. Ba ka sa mai duwatsu ba. Gara za ta cinye dawar."

Wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya a kan taga. Na duba zanen, haka ne kuwa, rumbu ba a kan komai ba, abin da ko yaron goye a Zuru ya san ba a yi. Na ce Iya, yaya aka yi Kawu ya manta da wannan?

Ta miƙo mini wayar ta ce: "Bai manta ba. Kowace shekara shina bar min nawa."

Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na je na gaya wa Ciyaman cewa zanen ba zai sauku ba. Akwai gyara guda da aka nuna, mai zane bai yi ba tukuna, kuma bai danna "Na gama" ba. Ya ce ai mai zanen ya rasu. Na ce na sani, ina wurin.

Allah Ya yafe wa Kawu kurakuransa, waɗanda aka gaya masa da waɗanda aka ji kunyar gaya masa, Ya sa kabarinsa ya fi zaurensa faɗi. Shafin yana nan, duk mai so ya shiga ya gani. Na share yabon nan duka, na bar ɗigo ɗaya a gindin rumbu. A saman zanen kuma har yanzu rubutun da na'urar ke sa wa aikin da ba a kammala ba yana nan: yana jiran gyara.